Ranar da Taraktar Arzika Ta Tashi

Ku ɗan ajiye gardamar takin nan haka, ku gyara zama. Kai ma da ke tsaye riƙe da keke, jingine shi jikin bango. Wata magana zan zube muku a tsakar tabarma, ku za ku raba ta, don ni na juya ta ta kowane gefe ban ga inda zan kama ba.

A Tungar Kanya an yi wani manomi ana ce masa Arzika. A zamanin ƙarfinsa shi ya fara shigo da tarakta wannan yanki, wata ja mai dogon salansa, wato bututun hayaƙi, wadda in ta taso daga gona sai yara su baro wasa su bi ta. Ba ya kuma fita sai da karnuka a bayansa, saboda birai da gyado da ke yi wa masara ɓarna a babbar gonarsa ta ƙetaren rafi. To, tsufa ya zo. Matarsa ta rasu. Taraktar ta mutu a gindin tsamiyar ƙofar gida, ta shekara da shekaru a nan har tayoyinta suka nutse cikin ƙasa. Daga baya tsohon ya fara rikicewa. Kansa ne ya rikice, ƙafafunsa kuwa suna nan da sauran ƙarfinsu. Ba ya iya zama. Yana cikin cin tuwo sai ya miƙe ya ce rana ta yi, a ɗauko masa malfarsa. A zaunar da shi, ya sake miƙewa. An tsinto shi a hanyar kasuwa, an tsinto shi a maƙabarta, an taɓa tsinto shi tsaye cikin gonar wani yana yi wa mai gonar faɗa a kan kunyoyinsa sun karkace.

'Ya'yansa uku ne. Babban shi ne Shekarau, sai Kande, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida da 'ya'yanta, sai autansu Tunau.

Shekarau ya ɗan taɓa gyaran injin niƙa da injin ban-ruwa, amma bai taɓa buɗe cikin tarakta ba. Wata rana 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, suka zo da motarsu suna son a sallama musu ita su yanka ta. Tsoho ya fito da sanda ya kore su, sa'an nan ya dafa murfin injin ya fashe da kuka kamar yaro. Shekarau yana tsaye yana kallo. Washegari dai aka gan shi ya kori kajin da ke ƙwai a ƙarƙashin kujerar, ya farfasa gidajen zanzaro da suka toshe salansa. Ɓeraye sun cinye wayoyi. Tsatsa ta kama injin ya sandare, ko motsi ba ya yi. Ya riƙa ɗura masa kananzir da baƙin mai, ya bar shi ya jiƙa, ya dawo ya ɗora guntun itace ya buga da guduma, ya sake ɗurawa. Abin da ya lalace ƙwarai kuwa sai ya hau keke ya bi garejoji da jujin ƙarafa na garuruwan kusa da na nesa yana tono. In ya samo noti bai dace ba, ya koma. Tayoyin nan an yi musu faci a kan faci. Damina ta sauka ta tarar da shi a ƙarƙashin tarakta. Ciyawa ta shanye masa gero, matarsa ta yi magana har ta gaji, a majalisa kuma aka sa masa suna mijin tarakta. A tsaye yake cin abinci. Ko a sahun salla za ka ji ƙaurin mai a jikinsa. Da ya ga batir ba zai samu ba, sai ya roƙi maƙwabta suka ɗaura mata shanun huɗa, aka ja ta zuwa kan tudun bayan gida aka tokare tayoyinta da duwatsu, don ranar da ta shirya a gangaro da ita ta tashi.

Kande kuwa ba ta son kare, ko kusa da ita ba ta yarda ya zo. Amma tun da tsoho ya daina zuwa gona karnukan nan suka rasa aikin yi, suka shiga yawo. Akwai baƙin nan Duna, da wata karya mai tsinin baki da tsohon ke kira Ƙyale-su, da ƙanana biyu. Yau a gan su a mahauta, gobe a kawo ƙarar sun bi awakin wani, jibi su ɓace gaba ɗaya, tsoho ya riƙa zagaya gida yana fito yana kiransu har muryarsa ta dushe. Ana cikin haka mahaukacin kare ya ciji wata mata a ƙauyen gaba. Dagaci ya sa aka yi shela cewa duk karen da aka gani a sake, mafarauta su harbe shi, ko na wane ne. Kande ta dubi mahaifinta, ta san in aka kashe karnukan nan ba zai daɗe a bayansu ba. Ta ɗaure su da igiya, suka tauna. Ta sa wa Duna sarƙa, ya yi ta fizga yana haushi har wuyansa ya saɓule, ta kwance shi tana ƙwalla. Ta yi musu shinge da kara da ƙaya, suka haƙa ƙarƙashi suka fice. Ta tona rami kewaye da shingen da hannunta, ta binne tsofaffin kwanukan rufi da duwatsu. Duk da haka ba su natsu ba, sai kai da kawowa suke yi suna kuka. A nan ta gane shinge kaɗai ba ya riƙe kare. Ta shiga dafa musu dusa da ƙanzo safe da yamma, ba ta saɓa lokaci. Ta rataye wani tsohon faifan garma a reshe, kafin ta zuba musu sai ta buga shi, har suka san wannan ƙara ta gida ce. Ta shimfiɗa musu tsohuwar rigar noman Arzika, suka riƙa kwanciya a kanta. Da hantsi ta sa musu igiya ta zagaya da su bayan gari, ta dawo ta wanke hannuwanta da ƙasa da ruwa. Matan gari suka riƙa ce mata uwar karnuka, wasu suka daina sayen ƙosanta. Mafarauta sun share karnukan Tungar Kanya kusan duka a wannan damina, na gidan Arzika ne suka tsira.

Tunau kuma rashin zaman nan na ubansa ya ɗauko, shi kuwa da hankalinsa garau. Ba ya zama. Tun yana saurayi ya bi masunta, ya koyi hawa gora, wato babbar ƙwaryar nan rufaffiya da ake kwanciya a kanta a ratsa ruwa. Ya bi gulbi sama, ya bi shi ƙasa, ya san inda ruwa ke juyawa da inda yake ja ta ƙarƙashi. Sai ya zo gida da bandar kifi, ya kwana kaɗan, a wayi gari a ga ɗakinsa a buɗe. A wannan damina yayyensa suka tare shi suka ce, tun da kowa hannunsa a cike yake, shi zai riƙa tsaron Baba. Ya amsa, kuma ya yi ƙoƙari. Yakan riƙe hannun tsoho su zagaya gari har ya gaji ya yi barci. Amma in ka gan shi zaune a zaure, ƙafarsa na karkaɗawa, idonsa na can wajen da rafi yake.

Sai ga wata rana cikin marka, ƙasa ta sha ruwa har ta ƙoshi. Da safe Shekarau ya ce yau za a gwada. Matasa suka cire duwatsu suka tura, tarakta ta gangaro, ta yi tari, ta yi shiru, ta sake tari, sai ta ɓarke da ƙara, baƙin hayaƙi ya turnuƙe sama. Gari ya ɗauka. Mata suka leƙo ta kan katanga suna guɗa. Shekarau ya zagaya fili da ita, ya mayar da ita kan tudu ya kashe, don ya ga ruwa na ɗiga daga lagireto, tankin da ke sanyaya inji. Karnuka sun firgita da ƙarar, suna ta tsalle jikin shinge, Kande ta ƙara wa ƙofarsu sakata ta tokare da turmi. Tsoho kuwa yana zaune a zaure, idanunsa sun yi haske, leɓɓansa na motsi. A cikin wannan hayaniya wani masunci ya raɗa wa Tunau cewa kifi ya hauro mahaɗar rafi da gulbi, irin hawan da ba a gani sai an daɗe. Tunau ya dubi ubansa, ya ga yana zaune lafiya ga mutane cike da ƙofar gida. Ya ce a ransa yanzu zai dawo. Ya saɓi gora da komarsa ta kamun kifi ya bi ta bayan gida.

Da azahar Kande ta kawo fura ta tarar da tabarma ba kowa. Babu sanda, babu malfa.

Gida ya hautsine. Aka duba ɗakuna, aka leƙa rijiya, aka aika masallaci. Hadari kuma ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska na kaɗa rufin ɗakuna. Maza suka rarrabu, wasu hanyar kasuwa, wasu maƙabarta, wasu suka nufi gonakin yamma. Kafin su yi nisa ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya shafe duk wani sawu da ke ƙasa. Masu nema suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya a jiƙe, kowa na tambayar ɗan'uwansa. Kande ta shiga ta fita, ta shiga ta fita, sai ta tsaya gaban shingen. Ƙyale-su ta kafa hanci a ƙasan ƙofa tana kuka. Kande ta ture turmin.

Wani dattijo ya ce, “Ke Kande, za a harbe su fa!”

Ta ce, “To a haɗa da ni, Baffa.”

Ta ɗaura wa Duna igiya ta naɗe a hannu, ta saki sauran. Karnukan da suka saba tserewa zuwa mahauta ko kallon hanyar ba su yi ba. Suka zagaya zaure, suka shinshina tabarma, karyar ta yanki hanyar da ta bi ta cikin dawa zuwa tsohuwar gonar ƙetare, hanyar da ta daɗe da rufewa har ba wanda ya tuna da ita. Kande ta bi su da gudu, Duna na jan ta, ganyen dawa na yankar fuskarta. Takalmanta suka maƙale a taɓo ta bar su. Ta faɗi, igiya ta ja ta a ƙasa, ta tashi. Mutane ƙalilan suka biyo ta. Da suka iso bakin rafi karnuka ba su tsaya a mashigi ba, suka bi gaɓa ƙasa cikin ƙaya, har suka ci birki a kan wani gefe mai zurfi suna haushi.

Rafi ya kawo. Ruwa ja wur, yana tafe da itatuwa da buhunan da ya kwaso daga gonaki. Can a tsakiya wata giyayya ta faɗi ta maƙale, ga kuma Arzika rungume da reshenta, ruwa ya kai masa ƙirji. Ashe da ya ji kukan taraktarsa sai ya ɗauka zamanin da ne, ya ce bari ya riga ta isa gona. Yana cikin ƙetarewa ruwan ya same shi. Mazan da ke wurin suka yi ta sintiri a gaɓa. Wani ya jefa igiya ba ta kai ko rabi ba. Wani ya sa ƙafa, ruwa ya kusa ɗauke shi, aka fizgo shi. Giyayyar kuma sai motsi take yi.

Tunau yana can mahaɗa ya fake a ƙarƙashin wata bishiya, sai iska ta kawo masa haushi. Ya san muryar Duna, ya kuma san Duna ba ya fita. Ya zubar da kifin da ya kama, ya rungumi gora ya biyo gaɓa da gudu. Da ya iso bai tsaya ba. Ya faɗa ruwa, ruwa ya wuce da shi ta gefen giyayyar ya watsar da shi can ƙasa. Ya fito yana tari, ya sake hawowa da gudu, ya wuce su ya tafi sama sosai, ya tsaya yana karanta ruwan, sa'an nan ya kwanta kan gora ya bar shi ya kawo shi. Wannan karon ya cafki reshe. Tsoho ya ƙi saki, yana cewa a bar shi, taraktarsa na zuwa. Tunau ya ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora shi kan gora ya ɗaure shi da koma, shi kuma ya zame cikin ruwan yana turawa da ƙirji. Suna rabuwa da giyayyar ta tumɓuke ta bi ruwa. Wani kututture ya zo ya daki Tunau a haƙarƙari, mutane suka ga kansa ya nutse, amma hannunsa bai bar komar ba. Can ƙasa da nisa ruwa ya matso da su gefe, aka kamo su da ƙota.

Da aka kwantar da tsoho aka ga ƙafarsa ta karye, ƙashi ya huda fata, jini na bin ruwan sama. Jikinsa ya yi sanyi ƙalau, ya daina magana. Asibiti yana can cikin gari, hanyar kuwa laka ce tun daga Tunga har bakin kwalta. Mai babur ya gwada, bai fita ƙauye ba ya kafe. Aka ɗaura wa shanu amalanke, suka nutse har gwiwa suka tsaya suna huci. Labari ya iske Shekarau yana dawowa daga hanyar kasuwa. Ya hau tudu da gudu, ya toshe ɗigon lagireto da sabulu, ya ɗaura tsohon ƙyauren ɗaki a bayan kujera. Sau ɗaya tak za a iya gangaro da ita, in ta ƙi tashi ba mai iya mayar da ita sama cikin wannan taɓo. Ya ce da matasa su tura, kada wanda ya saki sai ya faɗa. Ta gangaro shiru, ta wuce rabin gangaren shiru, sai da ta kusa ƙasa ya saki kuloci. Ta yi tari ta kama.

Shekarau ya kai ta inda tsoho yake, aka shimfiɗa shi kan ƙyauren, Kande ta rungume kansa, Tunau ya riƙe ƙafar yana numfashi da ƙyar. Tarakta ba birkin kirki, sitiyari na fizgar hannu, laka na tashi sama da kai. A tsakiyar fadama bel ɗin fanka ya tsinke, inji ya fara tururi. Shekarau ya san in ta mutu a nan shi ke nan. Ya kwance igiyar da ya ɗaure ƙyauren ta gefe ɗaya, ya ce ƙannensa su tokare da jikinsu, ya zura hannu inji na aiki ya naɗa ta a madadin bel. Ƙarfe ya kwashe masa fatar yatsu biyu. Ya ɗebi ruwan kwari da hularsa ya ɗura wa lagireto, ya hau ya ci gaba. Ya sauka ya yi wannan ɗurin ruwa ya fi a ƙirga. Ana kiran magariba suka shiga ƙofar asibiti, taraktar ta mutu a nan bakin ƙofa. Ma'aikatan suka ce da an ƙara jinkiri kaɗan, da gawa aka kawo musu.

Arzika ya tashi. Da aka dawo da shi gida bayan kaka, sai Allah ya ba shi wani ɗan lokaci hankalinsa ya dawo sarai, ya san kowa da sunansa. Ya sa aka kira dagaci da liman. Ya ce musu yana da garka, wato lambu, a bakin rafi, mai rijiya da ba ta ƙafewa da itatuwan mangwaro, wadda duk Tunga ba kamarta, amma siririya ce, in an raba ta uku ba wanda zai amfana. Ya ce, “Ina so in ba da ita kyauta tun ina da rai, ga wanda ya cece ni a cikin yaran nan. Sauran abin da na bari a raba yadda shari'a ta ce.”

Kowanne a cikinsu yana bukatarta. Shekarau rumbunsa babu komai a bana, ga iyali. Kande ga marayu, ba ta da ko taƙi ɗaya na ƙasa. Tunau kuwa, da haƙarƙarinsa bai gama ɗinkewa ba, ya ce in ya sami wurin da zai dafa zai rataye gora ya yi aure ya zauna.

Dagaci ya ce shi a ganinsa ta Shekarau ce, don da ba tarakta da tsoho ya cika a bakin rafi, aikin sauran ya tashi a banza. Sai aka ce masa, ai kukan taraktar ne ya tayar da tsohon tun farko.

Liman ya ce ta Kande ce, don da an harbe karnukan nan kamar 'yan'uwansu, ko kuma da ba ta raba su da bin hanyar mahauta ba, da ba wanda zai san inda za a nufa. Sai aka ce masa, ai da ba ta tokare ƙofarsu da turmi ba, da sun bi mai gidansu tun fitarsa, da haushinsu ya tona shi kafin ya kai ruwa.

Dattawan zaure suka ce ta Tunau ce, don shi kaɗai ya sa ransa a bakin mutuwa, har sau biyu. Sai aka ce musu, ai shi aka ba tsaro ya tashi ya tafi kamun kifi. Wani kuma ya amsa cewa da bai tafi ba, da babu gora a bakin rafi a wannan lokaci.

Aka koma ga tsoho a ce ya yanke da kansa. Aka tarar ya miƙe yana dogara sanda, yana ɗingishi zuwa ƙofa, yana tambayar wa ya ɗauke masa malfa, rana ta yi. Hankalin nan da ya leƙo ya koma, bai kuma sake dawowa ba. Shaidu sun ji kyauta, ba su ji suna ba. Ga rani ya kama, maƙwabtan garkar sun dasa albasarsu har ta yi kore, ita kuwa tana nan ba a sa mata fartanya ba. Kowane ɗaya a cikin ukun yakan bi ta gefenta ya tsaya ya duba, in ya hango ɗan'uwansa tafe sai ya wuce.

To, ga ku nan, manoma da masu gyara da masu shiga ruwa duk akwai a cikinku. Tsakanin Shekarau da Kande da Tunau, wa za a miƙa wa garkar nan?